Waƙar da ke Ƙarshen Kaset

Akwai wani kaset a ƙasan akwatin takarduna wanda ban taɓa yarda kowa ya saka shi a rakoda ba. A bangonsa hoton samari uku ne sun jingina da wata tsohuwar mota a bakin kogin Nilu, sun tara suma, kowanne ya ɗaure fuska kamar an ɓata masa rai. Ba na cikin hoton. Sunana ma ba ya ko'ina a jikin kaset ɗin, kuma ni na roƙa a yi haka. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada a ɗauka an zalunce ni. Ba wanda ya zalunce ni. Sai dai sanin hakan bai taɓa rage mini zafin abin ba.

Wajen ƙarshen shekarun saba'in na gama digirina na farko a Alƙahira, na zauna yin na biyu a nahawun Larabci. Muna haya a Hay el-Sabi', hawa na huɗu, ɗaki ɗaya ni da wani ɗan Damagaram. Ni mutumin Kano ne, don haka wasan da ke tsakanin garuruwanmu ya raba mana aiki tun ranar farko: shi ya yi tsokana, ni in yi haƙuri. Bakano yake ce mini, in kuma yana neman wani abu a wurina ya ce Ustaz. Ni ina ce masa Badamagare. Karatun addini ya kawo shi kamar kowa, amma a ƙarƙashin gadonsa, inda sauranmu ke ajiye kuka da daddawa, shi jita ya ajiye.

Ban ce shi malalaci ba ne. Ba ya dai karatu sai jarrabawa ta matso, kuma yana ci. Ni nakan fara shirin jarrabawa tun ba a sa rana ba, in ci da maki mai kyau, amma ba wanda ya taɓa tsayar da ni a hanya saboda makina. Shi kuwa mai sayar da ful, wato dafaffen wake, na bakin titi yakan ƙara masa cokali, mai gadin gidanmu yakan tashi tsaye in ya gan shi. Ina jin tun a lokacin abin ya fara, ban dai ba shi suna ba.

A wata walima a Zamalek, unguwar masu hali, ya haɗu da wani yaro ɗan Jos, Kirista, wanda mahaifinsa ke aiki a ofishin jakadanci. Yaron yana da jita biyu masu lantarki da manyan sifiku a garejin gidansu. Suka samo na ukunsu, wani Bamisre ɗalibin haɗa magunguna mai kaɗa ganguna, suka zama ƙungiya. Kowace Alhamis bayan azahar suke haɗuwa. Kiɗan da suke yi rok ne, amma ba irin mai kururuwa ba. Jita ce mai ƙara da ganga mai sauri, sai muryoyin su uku su haɗu a amshi mai zaƙi, waƙa ta ƙare kafin shayi ya huce. In ka ji amshin sau biyu sai ka tarar kana maimaita shi a layin biredi.

Na bi shi sau ɗaya don in ga wurin, daga nan na riƙa zuwa kowane mako. Nakan ce wa kaina rakiya ce. Nakan tafi da littafi, in zauna a kan wata tsohuwar taya a bakin ƙofa, yadda in wani ya leƙo zai ga ba a ciki nake ba sosai.

Waƙoƙinsu da Turanci suke, biyu da Faransanci, duk a kan 'yan matan da ban yi zaton akwai su ba. Wata rana ɗan Jos ya ce ya kamata su sami ko da guda ɗaya da Hausa. Badamagare ya gwada sati biyu bai fitar da komai ba sai masoyiya da zuciya. Shi ne ya tuna cewa ina rubuce-rubuce a bayan littafin nahawuna, domin ya taɓa buɗewa ba da izinina ba.

Abin da na ba shi ba waƙar soyayya ba ce. Ranar da zan bar gida, Inna ta ƙulle mini kuka da daddawa da yaji a cikin wani tsohon zanenta mai shuɗi, wanda bakinsa ya fara zarewa. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika duba fuskata ba. Ta miƙa wa ƙanwata ƙullin, ta ce, “Ki ce masa zanen aro ne, ya dawo mini da shi da hannunsa.” Iyakar sallamar da muka yi ke nan. Kayan miyan suka ƙare cikin wata uku, zanen kuwa na ninke shi a ƙasan matashina shekara da shekaru. A kan wannan na yi baiti huɗu da amshi: yaro yana gaya wa uwarsa zanen yana nan, bai yage ba, bai manta aro ne ba.

Badamagare ya karanta a tsaye, ya zauna a bakin gado ya sake karantawa. Ya jawo jitarsa. Kafin a kira la'asar ya sa mata murya. Ba zan ɓoye ba, muryar da ya sa ta fi kalmomin da na rubuta, ko dai sun yi daidai. Ina zaune ina jin maganar uwata tana fitowa daga bakin wani, kuma ta fi daɗi a can.

A farkon shekarun tamanin suka shiga situdiyo. Wani dattijo Bamisre ne mai wurin, a tsakiyar gari, hawa na biyu a saman shagon ɗinki. Ya ba su safiya saboda manyan mawaƙa ba sa tashi da wuri. Waƙa goma suka ɗauka cikin kwanaki kaɗan. Mahaifin ɗan Jos, wanda ya tsaya musu, ya kafe sai an buga a kaset mai kyau, irin na waje, ba irin wanda rakoda ke taunewa ba. Wannan zai zama da muhimmanci daga baya.

Ranar da za a ɗauki waƙata suka ce in shigo in sa murya a amshi. Na ce maƙogwarona ba daɗi. Na zauna a baranda ina jin ƙarar keken ɗinki daga ƙasa da ganga daga ciki. Da aka zo rubuta abin da za a sa a bango, Badamagare ya fito da takarda ya ce in rubuta sunana yadda nake so ya fito.

Na lissafa masa dalilaina, kuma har yau ina ganin ba na banza ba ne. Karatuna na tallafi ne, masu ba da tallafin ba su turo ni kiɗa ba. Malamin da ke duba kundina mutum ne mai tsanani. Mahaifina yana limanci a unguwarmu, in aka ce an ga sunan ɗansa a kaset ɗin masu jita, ban san da wane ido zai dubi mamu ba. Na ce a bar sunana. Na ƙara da roƙon a kai waƙar can ƙarshen gefe na biyu, inda mutane ba su cika kaiwa ba, ko da wani zai gane salon rubutuna.

“Wa ya san salon rubutunka, Bakano?” in ji shi. “Ni kaɗai na taɓa karanta shi, ni ma sata na yi.”

Na ce duk da haka. Ya ɗaga kafaɗa ya ce halas, wato shi ke nan a bakin Misrawa, ya koma ciki. A bangon kaset aka rubuta cewa kalmomi da kiɗa duka nasa ne.

Da kaset ya fito, ba a yi wani ɗoki ba. Wata mujallar matasa ta Larabci ta ba shi ɗan gurbi a shafi na kusa da ƙarshe. Marubucin ya ce samarin sun iya kiɗa amma kwaikwayon Turawa ya yi yawa, kuma ganga ta danne murya. Sai a layin ƙarshe ya ce waƙar da ke rufe kaset ɗin, wadda aka yi da wani harshen Afirka, ita ce kaɗai ya sake mayarwa ya ji, ko da yake bai san me take cewa ba. Badamagare ya yanke wurin ya manna a bango, daidai saitin gadona. Kowace safiya da shi nake buɗe ido.

A Zamalek kuwa ya zama wani abu. 'Ya'yan ma'aikatan jakadanci suna kiransa walima, 'yan mata suna kawo kaset ya sa musu hannu. Na taɓa tsayawa kusa da shi wata yarinya 'yar Kaduna tana gaya masa waƙar zane ta sa ta kuka, tana tambayarsa ko zanen yana nan da gaske. Ya waiwayo ya dube ni. Na san dama yake ba ni. Na sunkuyar da kai ina gyara agogona. Sai ya ce mata yana nan, a ƙasan matashi.

Na koma gida a ranar na buɗe littattafai ina neman hukuncin abin da nake ji. Malamai sun raba tsakanin hassada, wato ka so ni'imar wani ta gushe, da gibɗa, wato ka so irin tasa ba tare da tasa ta gushe ba. Na daɗe ina ƙoƙarin shigar da nawa cikin na biyun. Matsalar ita ce ba irin tasa nake so ba. Tasa ɗin nake so, wadda nake ganin tawa ce, wadda na miƙa masa da hannuna.

A unguwarmu ta ɗalibai kaset ɗin bai tafi ba. Wasu suka ce haramun ne, wasu suka ce ko halal ne hayaniya ce. Mai ɗan kes ɗin da ke kusa da tashar bas, wanda ke sayar da taba da batir da kaset, ya karɓi kwali biyu, suka yi ta shan rana. Ya yi ta rage kuɗin har ya koma ƙasa da na kaset ɗin da ba a ɗauki komai a kai ba. Badamagare ya daina bi ta gaban kes ɗin. Ya rage tsokana. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na fara cin abinci da daɗi.

Dole in yi bayanin yadda muke aika saƙo gida a lokacin. Yawancin iyayenmu mata ba sa karanta wasiƙa, kuma ko an karanta musu ba ta gamsar da su. Murya suke so. Don haka kowane ɗalibi yakan sami kaset, ya rufe ƙofa, ya zauna gaban rakoda ya gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya ba da labarin karatu da sanyi da tsadar nama, ya ba wani ɗan kasuwa ko ɗalibi mai tafiya hutu ya kai. Su ma su ɗauko nasu su aiko. Abin da ke damunmu kullum shi ne kaset mai arha yakan tsinke ko ya naɗe a rakodar gida, muryarka ta lalace kafin ta kai kan gaisuwar kakarka.

Wata la'asar muna shan shayi a ɗakin wasu ɗalibai 'yan Maradi, Badamagare ba ya nan, ɗayansu ya fara ƙorafin an aiko masa cewa kaset ɗinsa ya tsinke a tsakiya. Na ajiye kofin shayina. Sannan na ce ni ba ina ba da shawara ba ne, amma na lura kaset ɗin mutanen nan na kes irin na waje ne, kuma yanzu ya fi wanda ba komai a kai sauƙi. Wani ya ce ai ba a ɗaukar magana a kan kaset ɗin waƙa, rakoda ba ta yarda. Na ce haka ne, saboda ramukan nan biyu na samansa. In aka liƙe su da salatif, shi ke nan. Na ce ban dai ce a yi ba. Na karɓi wani kaset da ke kan tebur na nuna musu daidai inda ake liƙewa.

Wani daga cikinsu ya yi dariya ya ce wannan ma lada ne, a shafe kiɗa a sa gaisuwar iyaye. Ban yi dariya ba, amma ban hana ba.

Kafin wata ya ƙare kwalayen biyu sun ƙare. Mai kes ya aika a ƙaro. Badamagare ya shigo ɗaki da gudu yana haki saboda matakala, ya ce mutanenmu sun farka, ashe kunya ce ta hana su saye da farko. Ya ja ni har wurin mai gasa nama ya saya mana, abin da ba ma yi sai da salla. Na ci. Ina ci ina kallonsa yana lissafa waƙoƙin da yake zaton sun fi shiga ran ɗalibai, ni kuwa na san a daidai lokacin wani yana can hawa na uku yana share murya a kan ta farko. Daɗin da na ji a ranar ba zan iya kare shi ba. Na dai ji shi. Na kuma kasa haɗa ido da shi har muka koma.

Abin da ban yi tunani a kai ba, duk da yawan tunanina, shi ne tsawon magana. Ba ɗalibin da ke iya cika kaset. Za ka gaida kowa har jariran da aka haifa ba ka nan, ka cika gefe na farko, ka juya, ka yi rabin na biyu da ƙyar, ka maimaita a ci gaba da addu'a, sai ka rasa abin faɗi ka kashe. Abin da ya rage a baya yana nan yadda yake. A gida kuma ba mai kashe rakoda in muryar ɗa ce a ciki. Sai a bar ta har ta tsaya da kanta, ko zai tuna wani abu ya ƙara. Don haka a tsakar gidaje da yawa, a Maradi da Damagaram da Katsina da Kano, bayan ɗa ya yi sallama, sai a ji ɗan ƙara, sai wutsiyar wata waƙar Turanci, sannan waƙar ƙarshe ta shigo cikakkiya. Waƙar da na roƙa a kai can don kada a ji ta. Kuma waɗanda ke zaune gaban rakodar iyaye mata ne da 'ya'yansu ke nesa.

Bayan 'yan watanni amsoshi suka fara dawowa. Ɗalibi zai saka kaset ɗin gida ya ji yayarsa tana tambaya wane ne wannan mai waƙar zane. Wani aka ce masa in zai sake aikowa ya rage surutu ya bar waƙar. 'Yan kasuwar Nijar masu sauka a unguwarmu suka fara neman kaset ɗin da ba a shafe ba. Wani ɗan Maradi ya dawo daga hutu ya ce ya ji mata suna amshin a wurin daka. Waɗanda suka ce haramun ne ba su janye ba, amma na ga biyu daga cikinsu sun tsayar da Badamagare a bakin masallaci suna isar masa da gaisuwar iyayensu.

Nawa kaset ɗin ya iso ta hannun wani ɗan kasuwa mai sayen littattafai. Ni ban taɓa aika saƙo a kan kaset ɗinsu ba, sabo nake saye, kuma nakan saurara daga farko har ƙarshe kafin in ba da. Na jira Badamagare ya fita na saka. Baba ya yi nasiha. Ƙannena suka yi gaisuwa. Sai na ji ƙanwata tana cewa Inna ta matso kusa. Inna ba ta yin magana da ni kai tsaye ko a rakoda. Da ƙanwata take yi, na'ura tana ɗauka.

Ta ce a gaya mini tana lafiya, ƙafar ta yi sauƙi. Ta ce ta shiga gidan maƙwabta, waɗanda su ma ɗansu ke karatu a Masar, ta ji wata waƙa a ƙarshen saƙonsa, ta sa aka mayar mata har sau uku.

“An ce wani ɗan Nijar ne, wai ɗakinsu ɗaya. Ki ce ya gaishe shi. Allah ya yi masa albarka, ya ji daɗin uwarsa. Ashe ita ma zane ta ba shi.” Ina jin kaji a bayanta. Sannan ta ce, “Ɗan mutane ya riƙe na uwarsa har ya sa a waƙa. Wani kuwa ko sau ɗaya bai taɓa ambaton nawa ba. Wataƙila ma ya goge takalmi da shi.”

Ƙanwata ta yi dariya, aka kashe.

Na zauna a bakin gado, zanen yana ƙasan matashin da na dafa. Gaskiya ta faɗa. A duk kaset ɗin da na aika ban taɓa ambatonsa ba, ina ganin ba maganar da za a yi gaban Baba da ƙanne ba ce. Na isar wa Badamagare da gaisuwar, domin amana ce. Na dai taƙaita ta.

Ba a daɗe ba dattijon situdiyo ya kira su ya ce zai sake bugawa, da sabon bango, kuma wannan karon waƙar zane ce za ta buɗe kaset. Badamagare ya same ni ina wanki a baranda, ya jingina da ƙofa da irin takardar nan a hannu.

“Ustaz, ga ta kuma. Sunanka.”

Na ce ina bukatar in yi tunani.

“Ka yi shekara kana tunani. Waƙarka ce. Kuma kai ka sayar da ita.”

Na tsaya da riga a hannu tana ɗiga. Na tambaye shi me yake nufi.

“Salatif,” in ji shi. “Mai kes ya gaya mini tun tuni. Ya ce abokinka mai gilashi ne ya koya musu, har salatif ɗin ma yanzu yana sayarwa.”

Na tambaye shi ko ya sani ranar da ya saya mana nama. Ya ce a ranar bai sani ba, washegari ya ji. Ya ce ya yi kwana biyu yana tunanin tattara kayansa, sai ya ga hayar ɗaki shi kaɗai ta fi fushin tsada. Na fara bayani. Na ce ni ban ce a yi ba, na ce lura kawai na yi, na ce matsalar kaset mai tsinkewa matsala ce ta gaske. Ya bar ni na gama, ya yi murmushi, ba irin na tsokana ba.

“Ku Kanawa ko mugunta kuka tashi yi sai ta zama ciniki. Rubuta sunanka, yalla, maza, in kai. Ranar Asabar za a buga bango.”

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Yanzu ga shi ya fi ni murya, ya fi ni farin jini, ya kuma fi ni hali, duk a baranda ɗaya. Na karɓi takardar na ce zan ba shi amsa kafin Asabar.

Na so in sa sunan. Wannan ina da tabbaci a kai, ko kusan tabbaci. Amma sai na ga yanzu ya fi da haɗari, tunda kaset ɗin zai shiga Kano da bangonsa, ya shiga unguwarmu. Kundina kuma saura wata huɗu in kare shi. Na yi istihara ban ga komai ba. Na ce bari in fara gaya wa Inna, in ta sani sauran mai sauƙi ne. Ran Alhamis da hantsi, bayan ya fita, na ɗauko kwafina na kaset ɗinsu, wanda ya ba ni kyauta ranar da ya fito. Na liƙe ramukan da salatif. Dabarata ita ce in yi mata bayani a gefe na biyu, in tsaya daidai inda waƙar za ta shigo, ta ji maganata sannan ta ji waƙar.

Na danna. Na yi sallama. Na share murya. Na ce, “Inna, wato dai, game da zanen nan.” Sai na tuna ba ita kaɗai za ta saurara ba. Baba zai zauna a kan buzunsa, ƙanne za su kewaye, wataƙila da maƙwabta. Na kashe don in tsara maganar a takarda tukuna. Na tsara ta sau uku a ranar, na sake tsara ta ran Juma'a.

Ran Asabar da safe Badamagare ya tsaya a kaina yana ɗaura agogo. Ya miƙo hannu. Na ce masa ko za a iya ɗaga bugun zuwa mako mai zuwa. Ya ce ba za a iya ba. Ya ɗan jira. Sannan ya ce ma'alish, wato ba komai, ya sauka. Ina jin takunsa har hawa na ƙasa, takardar tana cikin littafin nahawu a kan cinyata, ba komai a kanta.

Bugu na biyu ya tafi sosai, a ƙasashenmu dai, ba a Masar ba. Ƙungiyar ba ta sake yin wani kaset ba. Aka mayar da mahaifin ɗan Jos gida, Bamisren ya buɗe kantin magani. Badamagare ya koma ƙasarsu, na ji ya yi aiki a gidan rediyo, kuma duk inda ya je da waƙar ake gabatar da shi. An gaya mini a wata hira ya ce wani abokinsa ne ya rubuta kalmomin, mutumin da ba ya son a ambace shi. Ya riƙe mini amana ke nan. Na yi kwanaki ina jin haushin hakan ma.

Na kare kundina da maki mai kyau. Malamin nan mai tsanani, a iya sanina, bai taɓa jin labarin kaset ɗin ba. Da na koma Kano na mayar wa Inna zanenta da hannuna, a wanke a ninke. Ta karɓa ba ta dube ni ba, ta juya shi, ta duba bakin da ya zare. Ta ce wa ƙanwata ashe wasu ma sun ji waƙar ɗan Nijar sun ɗauki darasi. Na buɗe baki. Baba yana alwala a bakin rijiya, taku kaɗan daga inda muke. Na ce mata eh, waƙar tana da ma'ana.

Kaset ɗin da ke akwatina shi ne na ranar Alhamis ɗin nan, salatif ɗinsa ya yi rawaya. In aka saka gefe na biyu, za a ji sallamata, da share murya, da rabin jimla guda. Daga nan sai jita ta shigo da ƙarfi a tsakiyar wata waƙar Turanci. A duk kwafin da aka buga, shi kaɗai ne muryata take ciki.